Lesin dogon hutu da yaran da suka gudo cikin gari: a ware su ko a haɗa?

Malama Binta: Assalamu alaikum iyayena da yayyena malamai. Shawara nake nema. Ƙungiyar matasan unguwarmu a nan Katsina ta shirya lesin dogon hutu kyauta, an ba mu aron azuzuwa biyu a firamare har zuwa Satumba, ni aka damƙa wa ɗaya. Da aka buɗe rajista sai muka ga yawancin waɗanda aka kawo ba 'yan unguwa ba ne, 'ya'yan mutanen da suka gudo ne daga ƙauyukan Batsari da Safana da Jibiya, wasu ko wata biyu ba su yi a gari ba. Akwai ɗan shekara 13 da bai taɓa riƙe fensir ba, akwai 'yar shekara 9 da ta fi 'yan aji huɗunmu lissafi, akwai kuma wa da ƙanwa da suka dawo daga wajen Maraɗi, littattafansu duk Faransanci. Kwamiti ya rabu biyu, wasu sun ce a ware masu ajinsu, wasu sun ce a haɗa su da 'yan unguwa. Ni ce zan tsaya gaban allo, shi ya sa na kawo maganar nan.

Malam Sani Lissafi: Wa alaikumus salam. A ware su mana Malama. Idan kika haɗa wanda bai san baƙi ba da wanda ke karanta jimla, ɗaya zai yi barci ɗaya zai ji kunya, ke kuma ki tashi da ciwon kai.

Anti Rabi: Malam Sani rabin maganarka gaskiya ce. Warewa za a yi, amma ba bisa garin da yaro ya fito ba. Ka duba abin da ta faɗa, 'yar shekara 9 ɗin nan ta fi 'yan gari lissafi. Me za ta yi a ajin da aka ware don "'yan gudun hijira"? Kuma kai ma ka sani, cikin 'yan unguwar akwai 'yan aji biyar da ba su iya karanta sunan ubansu. Binta, ki ɗauki kwana biyun farko ki gwada kowa, baƙo da ɗan gida, ɗaya bayan ɗaya, ba a gaban aji ba. Takarda guda ta isa: baƙaƙe a sama, kalmomi a ƙasansu, sai 'yar gajerar sadara, sai ɗan labari. Inda yaro ya tsaya nan ne rukuninsa. Haka lissafi, gane lamba daga 1 zuwa 9, sai 10 zuwa 99, sai ɗebewa, sai rabawa. Wannan ba ƙirƙirata ba ce, salon ƙungiyar Pratham ce ta ƙasar Indiya, koyarwa daidai da matakin yaro ba daidai da shekarunsa ko ajinsa ba, kuma an yi amfani da shi a jihohin arewa. Duk sati biyu ki sake gwadawa, wanda ya motsa ki ɗaga shi.

Malam Sani Lissafi: To Anti ɗan shekara 13 ɗin kuma? Ki zaunar da shi tabarma ɗaya da 'yan shekara 6? Wallahi rana ta uku ba za ki gan shi ba, zai tafi tasha dako.

Anti Rabi: Wannan kam matsala ce. Ni manyan da ba su fara ba nake haɗa su wuri ɗaya ko da su uku ne, in ba su benci ba tabarma ba.

Baba Hedimasta (mai ritaya): Salamu alaikum. Na karanta duka. 'Yata Binta, kafin a yi nisa da maganar rukuni, ki tambayi kanki abin da kike son gani ranar da aka rufe lesin nan. Hutun nan bai wuce sati shida zuwa bakwai ba, a cikinsa kuma akwai ruwan Agusta da zazzaɓi. Ba za ki mayar wa yaro karatun shekara uku da ya rasa a wannan ɗan tsakanin ba, kada ma ki ɗora wa kanki. Abin da za ki iya, kuma shi ne aikin, ranar da aka koma makaranta a Satumba sunan kowane yaro yana cikin rajistar wani aji, kuma ya san yadda ake zama a ajin. Na ga lesin hutu da yawa da aka yi da zuciya ɗaya, aka yi walima aka raba biskit, Satumba ta zo yaran suka koma bakin kasuwa, don babu wanda ya bi takardarsu.

Saboda haka tun satin nan ki samu hedimastan da ya ba ku aron aji, ki ce masa ga yawan yaran da za su nemi gurbi. In ya ce babu wuri, a je wajen sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9, shida na firamare uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas, ba ta ce sai ɗan asalin unguwa ba. Inda ake samun cikas shi ne takardu. Wanda ya fito da dare da rigar jikinsa ba ya da takardar canjin makaranta, ba ya da ta haihuwa. Ki tafi da shugaban kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makarantar, wajen mai unguwa ya rubuta shaidar cewa yaron na zaune hannun wane a gida kaza. Sakamakon gwajin da Rabi ta ce ki yi, shi zai tsaya a madadin rifot. Ta haihuwa kuwa a nema daga baya a ofishin hukumar ƙidaya.

Malama Binta: Allah ya ƙara girma Baba. Ni tunanina duk yana kan abin da zan rubuta a allo.

Abu Sadik: Ku yi haƙuri zan faɗi abin da ba a so. Makarantun cikin gari sun cika maƙil, wani aji malami ba ya iya kaiwa bayan aji don babu wajen taka ƙafa. 'Ya'yanmu ma a ƙasa suke zaune. Sannan maganar tsaro, wa ya tantance mutanen nan? Kowa ya san akwai masu kai rahoto da ke sajewa cikin masu gudu. Ba na cewa kada a taimaka, amma a yi da ido buɗe.

Maman Nafisa: Malam Abu Sadik, ni daga yankin Batsari na fito, shekaru kaɗan ke nan, kuma yanzu ina koyarwa a Islamiyya shi ya sa nake cikin zauren nan. Mu muka fi ka sanin masu kai rahoto, don mu suka sayar. Amma wanda Malama take magana a kai yaro ne, ɗan shekara bakwai, takwas. Wane rahoto zai kai? Tantance manya aikin mai unguwa ne da hukuma, kuma ana yi, babu wanda ya ba mu ɗaki sai da aka kai mu gaban mai unguwa. Maganar cunkoso gaskiya ce, ban musa ba. To amma yaron da ba a ba shi wurin zama a aji ba, ina kake jin zai zauna? Yana nan dai cikin unguwarku, ƙofar gidanka.

Abu Sadik: Allah ya ba ki haƙuri Hajiya, ba da ke nake ba. Amma maganar cunkoso ina nan a kanta, gwamnati ta ƙara azuzuwa, ba a riƙa tura wa malamai ba.

Baba Hedimasta (mai ritaya): Wannan ƙorafi ne mai kyau, sai dai ba ƙofar Binta za ka kai shi ba, ƙofar SUBEB ce, hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha.

Maman Nafisa: Bari in ƙara wa Malama abin da ba za ta ji daga bakin yaran ba. Yawancinsu ba ranar da suka gudo suka bar makaranta ba. Tun kafin nan malamai sun daina zuwa ƙauyen don tsoron hanya. Bayan abin da ya faru a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, da aka kwashe yara sama da 300, iyaye da dama sun tsorata da duk abin da ya shafi tara yara wuri ɗaya. To in yaro ya ce miki yana aji huɗu, yana nufin aji huɗu yake lokacin da aka rufe, ta yiwu shekara uku ke nan. Kuma uwar da ta ƙi kawo ɗanta ba ƙin boko take ba. Ki je gidan da ƙafarki, ki gaya mata ƙarfe nawa ake tashi, wa ke bakin ƙofa, kuma ki ce ta zo ta zauna ta gani in tana so. Ki lura da wanda ke riƙe da yaron ma, da yawa ba iyayensu ba ne, kaka ce ko gwaggo.

Nas Hauwa: Ni ba malama ba ce, mijina ne ya nuna mini muhawarar. Roƙona ɗaya, don Allah kada a sa yaran nan ba da labarin abin da ya faru. Mutane na yi da kyakkyawar niyya, wai don yaro ya fitar da abin da ke ransa, alhali malami ba a koya masa abin da zai yi bayan yaron ya buɗe baki ba. Kuma ba sai kin tambaya kai tsaye ba ake taɓa ciwon. Insha'in da kuka saba bayarwa, "yadda na yi hutuna", "ƙauyenmu", "sana'ar babana", duk ki ajiye su. Ki ba da na kasuwa, na ruwan sama, na akuya. In yaro da kansa ya fara magana, ki saurara, kada ki tona, kada ki yi alkawarin da ba ki iyawa, kada kuma maganar ta je ofishin malamai ta zama hira.

Abubuwan da za ki gani: wani ba ya zama sai kusa da ƙofa, ki bar shi. Wani in babura suka wuce da yawa a jere zai daskare ko ya shige ƙarƙashin benci. Wani barci zai yi ta yi don ba ya samun na dare. Wani faɗa. Bulala da buga tebur da tsawa ba su da wuri a ajin nan. Abin da ya fi kwantar da su shi ne yau ta yi kama da jiya: addu'a ɗaya, waƙa ɗaya, a kira suna, a tashi lokaci ɗaya. Wanda kika ga ya daina magana gaba ɗaya, ko yana maganar cutar da kansa, wannan ya wuce ke, asibiti za a kai shi.

Malam Sani Lissafi: Babu bulala kwata-kwata? Nas ba ki san yaran yanzu ba.

Nas Hauwa: Na san wanda ya ga an ɗaure ubansa, Malam. Ka ɗaga masa bulala ka ga ko lissafi zai shiga. Sannan Malama, ki duba cikinsu kafin littafinsu. Agusta lokacin zazzaɓin cizon sauro ne kuma lokacin da hatsi ya ƙare a rumbu, balle wanda ba ya da rumbun. In kwamiti na da kuɗin abu ɗaya tak, a sayi koko da ƙosai. Ƙannensu da ake goyowa kuma, in kin ga mai ƙafa a kumbure ko gashi ya yi ja ya yi laushi, ki gaya wa uwar ta kai shi cibiyar tamowa, ƙungiyar likitoci ta MSF na wannan aiki a Katsina tun 2021.

Malama Binta: Maganar goyo ma tana cikin abin da ya dame ni. 'Yan mata uku da ƙannensu suke zuwa, wani a kwamiti ya ce a hana.

Maman Nafisa: In an hana goyon an hana yarinyar. Uwar ta tafi wankau ko surfe, wa zai riƙe jaririn? A shimfiɗa tabarma a bayan aji. Kuma ku tashi kafin sha ɗaya, don da yawansu tallar rana ke ciyar da gidan.

Ɗan Jibiya: Bari in ɗauki maganar waɗanda suka dawo daga Maraɗi, don mu nan bakin iyaka mun saba da su. Tun 2019 mutanenmu na Katsina da Zamfara da Sakkwato suke tsallakawa jihar Maraɗi, dubbai, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, ta yi masu rajista a can, yaransu da yawa suka shiga lakwal, wato makarantar bokon can. Kada ki ɗauke su a matsayin waɗanda ba su yi karatu ba. Firamaren Nijar ma aji shida ce: CI, CP, CE1, CE2, CM1, CM2. Ki tambaye shi wane aji ya bari, in ya ce CE2 to aji huɗu ke nan. Shekarar karatunsu daga Oktoba take zuwa Yuni.

Inda za ki ruɗe shi ne rubutu. Haɗaɗɗen rubutu suke yi, sau da yawa ya fi na yaranmu kyau. Bakwai suna ja mata layi a tsakiya, ɗaya suna yi mata ƙugiya doguwa har ki ɗauka bakwai ce, inda muke sa ɗigo a lissafi su waƙafi suke sawa, rabawa kuma tsarin jera ta daban ne amma amsa ɗaya ce. Kada ki sa masa jan biro kafin ki duba amsar. A karatu, baƙaƙen ya san su, sautin ne zai sauya: inda muke rubuta u shi ou zai rubuta, inda muke sh shi ch. Cikin 'yan kwanaki zai kama Hausar boko tunda harshensa ne. Turancin Ingilishi ne zai fara daga tushe. Kuma sun saba da ɗan ƙaramin allo na hannu, kowa ya rubuta amsa ya ɗaga sama. Wannan dabara ki sace ta don ajin duka, kafinta zai yanka miki falanki a shafa baƙin fenti, ya fi littafi araha.

Malama Binta: Ikon Allah, wallahi haka bakwai ɗinsu take.

Ɗan Jibiya: Ƙarin bayani, a wajen hukuma su da na Batsari ba layi ɗaya suke ba. Wanda ya tsallaka iyaka ya dawo, in yana da katin rajistar can ya adana shi. Wanda bai bar ƙasa ba yana ƙarƙashin yarjejeniyar Kampala ta 2009 kan waɗanda aka raba da gidajensu cikin ƙasarsu, wadda Nijeriya ta amince da ita, kuma a jiha hukumar agajin gaggawa, SEMA, ce ke da alhakinsa. A aji dai duk ɗaya ne.

Mista Kabir: Ina jin kowa na cewa Hausa Hausa. Ni a makarantar kuɗi nake koyarwa, kuma gaskiya iyaye Turanci suke so. A Satumba littattafan da za a ba su da Turanci ne, jarrabawar shiga sakandare da Turanci ce. In kun ɓata sati shida kan ba bi bu, kun taimake su ko kun ƙara masu nisa?

Anti Rabi: Kabir ƙanena, yaron da bai san cewa baƙi na wakiltar sauti ba, in ka fara masa da harshen da ba ya ji, aiki biyu ka ɗora masa lokaci guda. Hausa yadda ake faɗa haka ake rubutawa, wasula biyar, ya haɗa b da a ya ji "ba" ya gane abin da ya karanta. Da zarar ya gane sirrin haɗa baƙi, da shi zai shiga Turancin. Shirin koyar da karatu da lissafi na RANA da UNICEF ta kawo Katsina da Zamfara a kan wannan aka gina shi, kuma akwai malaman da aka horar da ke cikin zauren nan. Binta ki tambayi hedimasta, wata makarantar littattafan suna nan cikin kabad.

Mista Kabir: To Turancin a bar shi sai yaushe?

Anti Rabi: Ba a bari. Minti ashirin kullum, da baki: gaisuwa, neman izinin fita, sunayen kayan aji, umarnin da malami zai ba shi a Satumba. Kada ya shiga aji a ce ya buɗe littafi ya tsaya yana kallon na kusa da shi.

Mista Kabir: Minti ashirin ya yi kaɗan. Amma na ji.

Alaramma: Salamu alaikum. Ku yi mini izini. Ɗan shekara 13 da aka ce bai taɓa riƙe fensir ba, a tambaye shi ina ya tsaya a karatun allo. Zai yi wuya ɗan ƙauyen Katsina ya kai wannan shekaru bai yi babbaƙu da farfaru ba. In ya yi, to ya san haɗa baƙi da wasali, ya riƙe alƙalami, yana da hadda. Za ki ga ya buɗe littafi ta baya ya fara daga dama, kada a yi masa dariya, hanyar da ya sani ce. Ki ce ya rubuta sunansa da ajami, ke ki rubuta da boko a ƙasa, ku jera baƙi da baƙi. Kuma ku daidaita lokaci da malaman allo na unguwa, kada a sa yaro zaɓi tsakanin biyu, don iyayen kun san wanda za su zaɓa.

Malam Sani Lissafi: Allah gafarta Malam wannan ta warware mini rabin damuwata. Sauran rabin, a Satumba aji nawa za a sa shi? Aji ɗaya da gemu na shirin fitowa?

Baba Hedimasta (mai ritaya): Akwai manhajar gaggawa da hukumar tsara manhajoji ta ƙasa, NERDC, ta tsara don irinsu, wadda ke matse karatun shekara 9 cikin shekara 3. Binta ta tambaya a ofishin ilimi da hukumar ilimin manya ko akwai cibiyar da ke kusa. In babu, ni a zamanina aji uku nake sa irinsa in ba shi monita, girman ya riƙe shi.

Malam Buba: Akwai abin da ba wanda ya taɓo. Cikin waɗanda suka gudo har da Fulani, an kore masu shanu, an ƙone ruga, sun rasa ta kowane ɓangare. Yaransu na shigowa aji su tarar da yaran da suke ganin kowane Bafulatani shi ne ya kore su. Na ga an ƙi zama benci ɗaya, na ji sunan da ake kiran su. Malama ki sa doka tun ranar farko, a ajin nan ba a kiran kowa sai da sunansa, ba ɗan daji, ba ɗan gudun hijira, ba baƙauye. Wanda ya karya a yi magana da shi a gefe. Ƙananansu kuma wasu Hausar ba ta zauna ba, in ya yi shiru a gwaji ki nemo mai jin Fulatanci kafin ki yanke hukunci.

Maman Nafisa: Wannan magana tana da nauyi a wajena Malam Buba, ba zan ɓoye ba. Amma gaskiya ce. Yaro bai kori kowa ba.

Sakataren Ƙungiya: Ni ne sakataren ƙungiyar da Malama ke magana. Duk mun ji, amma koko da ƙosai kuɗi ne. Shirinmu mu ɗauki hoton yaran mu sa a Facebook da WhatsApp, masu hali su gani su taimaka. In babu hoto ba wanda ke yarda.

Maman Nafisa: Kada ku yi. Wani yaron uwarsa ko yayarsa na hannun mutanen daji har yanzu, ana cinikin fansa. Su ma suna da waya. Su ga ɗan gidan a birni ana tara masa kuɗi, me kake jin zai faru da farashin? Wasu kuma sun gudo ne don an yi masu barazana da suna.

Sakataren Ƙungiya: Subhanallah. To a ɗauka ta baya?

Nas Hauwa: Ku ɗauki allo da takalma a bakin ƙofa da rasit ɗin abin da kuka saya. Mai son gani da ido ya zo da kansa, kuma ya bar wayarsa a aljihu. In za a raba yunifom ko littafi a raba wa duk mabuƙaci a ajin, har 'yan unguwa, in ba haka ba ku ne za ku haɗa su faɗa.

Abu Sadik: A nan kam muna tare. In marayun unguwa za su samu, ni ma zan kawo katan ɗin alli da tabarma biyu.

Malama Binta: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Na tura wa kwamiti, sun yarda a haɗa a raba bisa gwaji, ɗayan ajin na masu baƙaƙe da kalmomi, nawa na masu sadara da labari, manyan da ba su fara ba kuma Malam Sani ya ce zai riƙa zuwa yana ɗaukar su a baranda. Maganar abinci ba a gama ba, kuɗin da ke hannu na Litinin da Alhamis ne kawai.

Baba Hedimasta (mai ritaya): Ki rubuta sunayen a littafi mai bango, ba a waya kaɗai ba: sunan yaro, shekaru, wanda ke riƙe da shi, gidan da suke, ajin da ya bari, inda ya tsaya a gwaji. Littafin ya zauna hannunki, kada ya yi yawo. Ranar Laraba bayan azahar ki biyo ki ɗauke ni mu je wajen hedimastan tare, ɗalibina ne.